Dandaji: Ƙauyen Da Gini Ke Sanyaya Kansa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a aji mai rufin kwano cikin watan Afrilu ba ya bukatar dogon bayani. A makarantarmu da ke Sakkwato, da zarar ƙarfe 12 na rana ta yi, sai ka ga littafin rubutu ya koma mafici. Gumi na ɗiga a kan takarda, biro na zamewa a hannu, malami na gaban allo yana bayani amma rabin aji sun yi nisa a gyangyaɗi. Silin ɗin ajinmu ya daɗe da zubewa, fankoki biyun da ke rataye kuwa sai ranar da aka kawo wuta suke tuna aikinsu. Abin da ya fi damunmu shi ne, a daidai wannan lokaci ne 'yan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawar fita, wadda ake rubutawa a watannin Mayu da Yuni.

Wata rana malaminmu na fiziks yana koyar da hanyoyin da zafi ke bi ya ratsa abu, sai wata ɗaliba 'yar SS2 ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa ɗakin kakata na ƙasa ya fi ajin nan sanyi, alhali shi wannan injiniyoyi ne suka gina shi?" Aji ya fashe da dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce tambayar tana da amsa, kuma akwai wani ƙauye a Jamhuriyar Nijar, mai suna Dandaji, inda za mu iya taɓa amsar da hannunmu. Wannan magana ce ta sa a hutun zango na biyu, mu tara 'yan ƙungiyar kimiyya da malamanmu biyu, muka shiga mota bayan an kammala takardun izinin iyaye da na tsallake iyaka.

Daga Sakkwato zuwa Illela, garin da ke bakin iyaka, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Muka tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, muka canja kuɗinmu zuwa sefa, sannan muka miƙa arewa a kan hanyar Tawa. Ƙasar Adar ke nan: jar ƙasa, duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, gonakin gero da ke jiran damina, da rumbunan ƙasa masu tumbi kamar manyan tuluna a bakin kowane ƙauye. Harshe bai ba mu wahala ba, don Hausarsu da tamu 'yan gida ɗaya ne. Abu ɗaya da ya ba mu dariya shi ne jin suna kiran makarantar boko "lakwal", kalmar da suka aro daga Faransanci. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki, kamar na Sakkwato, kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, kuma iskar da ke shigowa ta tagar mota ji muke kamar daga bakin murhu take fitowa.

Dandaji ba babban gari ba ne, mutanensa kusan 3,000 ne. Tun daga nesa muka hango abin da ya kawo mu: gine-gine biyu masu launin ƙasar wurin, suna fuskantar juna, da fili a tsakaninsu. Ɗaya tsoho ne, ɗaya sabo. Tsohon shi ne masallacin Juma'ar garin na da, wanda wani shahararren magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina da ƙasa. Wannan magini shi ne ya gina masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa, wanda aka fara a 1962 kuma ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Da masallacin Dandaji ya tsufa, ya fara lalacewa, jama'a kuma suka yi masa yawa, shawarar farko ita ce a rushe shi a gina sabo na kankare.

A nan ne wani ɗan ƙaramin kamfanin tsara gine-gine da ke birnin Yamai ya shigo. Sunansa a lokacin atelier masōmī. Kalmar farko Faransanci ce, tana nufin wurin aiki, ta biyun kuwa Hausa ce tsantsa: masomi, wato mafari. Wata 'yar Nijar ce, Mariam Issoufou, wadda a lokacin aka fi sani da Mariam Kamara, ta kafa shi a 2014. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, suka kawo wata shawara: a bar tsohon masallaci a tsaye, a gyara shi ya zama laburare, sannan a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gabansa, shi ma da ƙasa. Aka kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma, gidan ilimin nan na birnin Bagadaza a zamanin Abbasiyawa.

Mun shiga laburaren wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa. Gaskiya ce za mu faɗa muku, ba irin sanyin banki ba ne mai sa mutum ya nemi rigar sanyi. Sanyi ne irin na gindin tsamiya. Cikin 'yan mintoci gumin da muka shigo da shi ya bushe, numfashi ya daidaita, muka ji za mu iya zama mu karanta babi guda ba tare da mun yi fifita ba. Babu ƙarar janareto, babu iyakwandishan. Muka ɗaga kai muka ga rufin yana can sama, bakan gizo na ƙasa sun tashi daga ginshiƙai sun haɗu, kamar yadda ake gani a tsofaffin soraye. A tsakanin ginshiƙan an kafa kantocin littattafai da wuraren zama, har da ɗan bene na ƙarfe da ake hawa a yi karatu. Ƙarfe aka yi amfani da shi maimakon katako saboda itace ya yi ƙaranci a yankin.

Malam ya ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a bango ta ciki. Muka ɗora, da ɗan sanyinsa. Ya ce mu fita mu taɓa bangon nan ta waje, ɓangaren da rana ke duka. Ba wanda ya iya barin hannunsa ya daɗe. Bango ɗaya ne, amma kamar a garuruwa biyu. A nan, zaune a kan tabarma, ya sake mana darasin da muka yi gyangyaɗi a kansa a aji.

Bango mai kauri na ƙasa, in ji shi, kamar soso yake ga zafi. Idan rana ta doke shi, ba nan take zafin ke ratsawa ba. Ƙasar tana shanye shi a hankali, tana miƙa shi ciki taku bayan taku, sai ya ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya isa fuskar bangon ta ciki. Kafin nan rana ta faɗi, iskar waje ta fara sanyi, sai wani kaso na zafin ya juya ya koma waje, saura kuma iskar dare ta kwashe idan an bar tagogi a buɗe. Kwano kuwa siriri ne, kuma ƙarfe ne, zafi na ratsa shi cikin ƙiftawar ido. Da ya yi zafi sai ya riƙa feso shi ƙasa a kan kawunan mutane, kamar yadda garwashi ke gasa tsire ba tare da ya taɓa naman ba. A gini marar bene, ta rufi mafi yawan zafin ke shigowa. Shi ya sa ajin da silinsa ya zube yake zama tanda.

Dabara ta biyu ita ce tsayi. Iska idan ta yi zafi takan yi sauƙi ta tashi sama, mai sanyi kuma ta zauna ƙasa. Idan rufi yana da nisa, iskar zafin tana taruwa can sama da kawunan mutane. Idan kuma akwai kafa a sama da za ta fita, fitarta ce ke jawo sabuwar iska ta ƙofofi da tagogin ƙasa, ko da a waje ganye ba ya motsi. Ta uku ita ce a sa kafofin iska su fuskanci juna, domin iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da hanyar fita. Nan muka tuna ajinmu: tagogin ɓangare ɗaya an toshe su da bulo tun shekarar da aka yi sata, saura ɓangare ɗaya kawai. Muka dubi juna, ba wanda ya ce komai.

Muna cikin haka wani dattijo ya shigo, ya yi mana sallama, ya tambayi daga ina baƙi suke. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya zauna. Magini ne, hannuwansa kaɗai sun isa shaida. Ɗalibar nan mai tambaya ta gaishe shi ta ce, "Baba, ku da kuka saba gini tun kafin a haife mu, me waɗannan 'yan boko suka koya muku?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, tambayi kuma abin da muka koya musu." Ya ce su magina sun san ƙasar da ke riƙe ruwa da wadda ke tsagewa, sun san yadda ake ɗaure rufi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya, amma ba su da maganin ruwan sama da ke cin bango kowace damina. Masu zane kuma sun zo da lissafi da inji da abubuwan da ake haɗa wa ƙasa ta yi ƙarko, amma ba su da hannun. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi.

Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalinmu game da yadda kamfanin ya yi aikinsa. Bai kwaso ma'aikata daga birni ya zo ya gina ya tafi ba. An gayyato maginan da suka yi aikin tsohon masallacin su shiga cikin gyaransa, an kuma zauna da mutanen gari an ji abin da suke bukata. Daga irin wannan zama ne aka ƙara azuzuwa a harabar, inda manya, musamman mata, za su iya koyon karatu da rubutu da lissafin sana'a. Mu a ganinmu wannan ba kyautatawa ce kawai ba, dabarar aiki ce. Ginin ƙasa yana son kulawa. Idan waɗanda ke zaune kusa da shi ba su san yadda aka yi shi ba, ranar da ya tsage sai a jira wani ya zo daga Yamai, kafin ya zo kuwa damina ta yi aikinta.

Sabon masallacin da ke fuskantar laburaren ba da tubalin hannu irin na kakanninmu aka gina shi ba. Bulon ƙasa ne da ake matsewa da inji. Dattijon ya kwatanta mana yadda ake yi: a haƙo jar ƙasa, a tankaɗe ta, a zuba siminti ɗan kaɗan, a yayyafa ruwa har ta yi damshi ba tare da ta zama laka ba, sannan a zuba a inji a danne da ƙarfi. Bulon ya fito da kusurwoyinsa tsaf, a jera shi a rufe na wasu makonni har ya yi ƙwari. Ba a gasa shi, don haka ba a ƙona itace ko guda. Ƙasar kuma daga nan yankin aka haƙo ta, ba a biya kuɗin tirela daga nesa ba. Kankare bai ɓace gaba ɗaya ba, an sa shi inda nauyi ke bukatarsa, kamar ginshiƙai da kan ƙofofi. Mun yi sallar La'asar a ciki. Rufinsa ya fi na laburaren nisa, kafofin iskarsa dogaye ne sirara, suna shigo da iska da haske daidai gwargwado ba tare da sun bar rana ta kwarara ciki ba.

Akwai wani abu kuma da ido ba ya gani. A ƙarƙashin ƙasa an yi tafki da ke tara ruwan damina, daga nan ake shayar da itatuwan harabar ɗigo-ɗigo ta siraran bututu. Itace injin sanyi ne mai zaman kansa. Inuwarsa na hana ƙasa da bango yin zafi, ganyensa kuma na fitar da ruwa, ruwan da ke tashi ya zama tururi yana tafiya da zafi. Haka randar ƙasa ke sanyaya ruwa a gidajenmu, haka kuma gumi ke sanyaya jiki.

Da yamma muka leƙa kasuwar garin, wadda ita ma wannan kamfani ya tsara, aka gama ta a 2018. An gina rumfunan da irin bulon nan, kewaye da wata tsohuwar bishiya da mutane suka saba cin kasuwa a gindinta. Maimakon rufin kwano ɗaya shimfiɗe, sai aka kafa faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri a kan sanduna, wani sama wani ƙasa, kamar ganyen bishiya. Suna ba da inuwa, iskar zafi kuma tana sulalewa ta tsakaninsu. Abin ya burge mu, domin ƙarfen da muke zargi da dafa mu a aji shi ne a nan yake aikin inuwa. Ashe laifin ba na kwano ba ne shi kaɗai, har da yadda aka ɗora shi.

A garin muka kwana, kuma daren ya koya mana abin da rana ba ta nuna mana ba. Bayan sallar Isha'i muka shiga ɗakin ƙasa da aka sauke mu, sai muka ji shi da ɗumi, ya fi waje. Muka taɓa bango, zafin da ya sha tun rana ne yake fitarwa. Kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida, kamar yadda masu gidan suka yi. Malam ya ce kada mu ɗauki wannan a matsayin aibi kawai. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, sanyin dare a wannan yanki kan sauko kusan digiri 15, kuma wannan ɗumin da ya kore mu waje shi ne ke hana yara da tsofaffi rawar ɗari. Mai ɗakin kwano a lokacin shi ne ke kwana da garwashi a kasko, abin da ke da haɗari ƙwarai idan an rufe ƙofa da taga, domin hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mutum cikin barci. Bango ɗaya ne ke sanyaya ɗaki da rana ya kuma ɗumama shi da dare. Aikin mai tsara gini shi ne ya san yawan kaurin da zai ba shi, da inda zai buɗe wa iska hanya don ta kwashe ɗumin a lokacin da ba a son sa.

Wannan fanni ne na karatu mai zaman kansa. Akwai injiniyoyin da aikinsu ke nan, lissafin zafin da ke shiga gini da wanda ke fita: nawa rana ke kawowa ta rufi da taga, nawa jikin mutanen da ke ciki ke fitarwa, wace na'ura za a sa kuma mai wane girma. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, ɗumama gida ne babban aikinsu, a wurinmu kuwa sanyayawa. Asibiti da ɗakin tiyata da ma'ajiyar magani ba su da makawa sai da na'ura, ba mu ce a jefar da ita ba. Amma a ƙasar da mafi yawan ƙauyukanta ba su da lantarki, injiniyan da ya fara da tambayar wace na'ura zai saya ya fara daga ƙarshe. Kuma ko inda akwai wuta, ginin da ya rage zafi da kansa ƙaramar na'ura yake bukata.

'Yan matan da ke cikinmu sun fi kowa son labarin ita Mariam. Ba da gini ta fara ba. Kimiyyar kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aiki a wannan fanni, sannan ta koma aji ta karanci tsara gine-gine a Jami'ar Washington, ta gama a 2013. Kafin Dandaji, ita da wasu abokan aiki sun gina rukunin gidaje na bulon ƙasa a Yamai, mai suna Niamey 2000. Aikin Hikma ya ci lambar zinare ta gasar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ya kuma ci ta azurfa a matakin duniya a 2018. Abin dariya a nan, kamfanin da sunansa ke kan gasar siminti yake sayarwa.

Ba za mu ɓoye muku ba, a hanyar dawowa an yi gardama a mota. Wani daga cikinmu ya ce shi dai in ya yi kuɗi ba zai gina gidan ƙasa ba, don a unguwarsu ana cewa gidan ƙasa na talaka ne, kuma ya ga gidajen da ruwan sama ya rusa a daminar bara. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ginin ƙasa da ba shi da tushe mai ƙarfi, ba indararo mai kyau, ba yaɓe a kan lokaci, yana faɗuwa, har ya yi kisa. Injin matse bulo ma kuɗi ne, kuma ba kowane magini ya iya aiki da shi ba. Wata kuma ta ce kafofin iskar da muke yabo su ne za su shigo da ƙurar hunturu kan littattafai. Ba mu rabu da matsaya ɗaya ba. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne, da ƙarfe 2 na rana mun zauna a ɗaki ba wuta ba fanka, mun yi karatu.

Da aka koma makaranta muka ari ma'aunin zafi biyu daga ɗakin gwaje-gwaje. Ɗaya muna rataye shi a ajinmu, ɗaya a gindin darbejiyar da ke bakin ofis, muna rubuta abin da suka nuna sau uku a rana: ƙarfe 8, ƙarfe 12 da ƙarfe 2. Ku ma kuna iya gwadawa a makarantunku, har ku ƙara da wani ɗakin ƙasa idan akwai a kusa. Mun haɗa sakamakon mako biyu, muka rubuta takarda zuwa ga shugaban makaranta da buƙatu uku: a mayar da silin, a buɗe tagogin da aka toshe a sa musu ƙarfen tsaro, a kuma fasa ƙananan kafofi a saman bango kusa da rufi. Ya karanta, ya ce maganar kuɗi ce, sai kwamitin iyaye da malamai ya zauna a ƙarshen zango. Abin da bai bukaci kwamiti ba mun riga mun yi: mun dasa darbejiya 6 a yammacin ajin, ɓangaren da ranar la'asar ke duka, mun kewaye su da ƙaya saboda awaki, kuma kowane aji yana da ranar da yake ba su ruwa.